ASIRIN MAI ARON LITTAFI

An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'a masu shiga laburare, da iyayen yara 'yan makaranta, da kuma ma'aikatan da aka danƙa wa tsaron littattafai. Duk wanda ya ari littafi sai an rubuta sunansa, kowa ya san haka. Amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambaya ba: wa ke da ikon ganin wannan rubutu, kuma har yaushe za a ajiye shi? Waɗannan tambayoyi biyu su za a amsa a nan. A karanta da natsuwa, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Abin da a ke rubutawa

Ran da mutum ya fara zuwa neman aro, akan ba shi takarda ya cika. A ciki zai sa sunansa, da unguwarsu, da sana'arsa ko makarantarsu, da lambar wayarsa, wani lokaci har da hotonsa da sunan wanda ya tsaya masa. Wannan ita ce rajistar shiga. Bayan haka, kowane littafi ya ɗauka sai a rubuta sunan littafin, da ranar ɗauka, da ranar da za a komo da shi. Wannan ita ce rajistar aro. A manyan wurare akwai ta uku, watau ta waɗanda suka zauna a gaban kwamfuta, da sa'ar da suka zauna, da abin da suka nema a intanet.

Ba don mugunta a ke yin wannan rubutu ba. Littattafan nan dukiyar jama'a ce, da kuɗin haraji aka saye su. In ba a san hannun da littafi ya ke ba, ba a san wanda za a bi ba in ya ɓace. Saboda haka rubutun wajibi ne muddin littafi yana waje. Gardamar duka a kan abin da za a yi da rubutun ne bayan littafi ya komo kan kanta.

Dalilin da ya sa ya zama asiri

Wani zai ce, "Mene ne abin ɓoyo a cikin karatu?" To, a duba waɗannan misalai. Ga magidanci likita ya gaya masa yana da wata cuta, bai ko shaida wa iyalinsa ba tukuna, ya je ya ari littafi don ya fahimci abin da ke damunsa. Ga mace tana neman sanin haƙƙinta game da saki da riƙon 'ya'ya. Ga ma'aikaci yana karanta dokar ƙwadago domin yana zaton an zalunce shi. Ga ɗan kasuwa bashi ya yi masa yawa, yana neman mafita. Babu mai laifi a cikinsu, amma babu wanda zai so a kai jerin littattafansa gaban mijinta, ko ubangidansa, ko abokin gabarsa.

Abu na biyu kuwa, karatu dabam, aiki dabam. Ɗalibin kimiyya yakan karanta yadda a ke haɗa nakiya, mai fasa dutse ma haka. Malamin tarihi yakan karanta littattafan azzaluman sarakuna ba don yana sha'awar zalunci ba. Wanda ya ga sunan littafi kurum bai ga zuciyar mai karanta shi ba, sai dai ya yi zato, zato kuwa ya sha jefa marar laifi cikin wahala.

Abu na uku shi ya fi duka nauyi. In jama'a suka tabbata ana leƙen abin da su ke karantawa, za su daina ɗaukar duk littafin da zai jawo tambaya. Mai ciwo zai zauna da jahilcinsa, wanda aka zalunta zai haƙura. Littattafan suna nan jere a kan kanta, amma sun zama ado. Ashe ke nan asarar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gari ce duka.

Hanyoyin ba da aro

Tun kafin zuwan kwamfuta akwai hanyoyi biyu sanannu, kuma bambancinsu yana da darasi.

Ta farko wata ma'aikaciyar laburare ta birnin Boston a Amurka, mai suna Nina Browne, ita ta ƙago ta a 1895. A wannan hanya kowane mai aro yana da tikiti mai kamar ɗan aljihu, kowane littafi kuma yana da katinsa. In an zo aro, sai a zare katin littafin a zura cikin tikitin mutumin, a ajiye su tare cikin akwati bisa ga ranar komowa. Ran da littafi ya dawo, sai a mai da kati cikin littafi, a miƙa wa mutum tikitinsa. Shi ke nan, an raba su, babu wata alama da ta rage. Wannan hanya ta bazu ƙwarai a Ingila da ƙasashen da Ingila ta mulka.

Ta biyu ana kiranta da sunan garin Newark, shi ma a Amurka. A nan lambar mai aro a ke rubutawa a jikin katin littafin, a makarantu da yawa ma sunansa ya ke sa wa da hannunsa. Katin yana nan cikin littafi shekara da shekaru, duk wanda ya buɗe bangon baya zai ga jerin waɗanda suka riga shi.

Kwamfuta tana iya bin kowace daga cikin biyun. Ana iya saita ta ta raba sunan mutum da na littafi da zarar an komo da shi, ana kuma iya barinta ta tara kome har abada. Na'urar ba ta da zaɓi, mai saita ta ke da shi. Har wa yau akwai wata sabuwar ƙofa, watau littattafan da a ke karantawa a waya ko kwamfuta. A watan Oktoba na 2014 aka gano cewa manhajar Adobe Digital Editions, wadda masu aron irin waɗannan littattafai su ke amfani da ita da yawa, tana aika wa kamfanin sunan littafin da mutum ya buɗe da shafin da ya kai, ba tare da an kulle saƙon ba. Da aka yi ƙorafi kamfanin ya gyara aikawar a cikin watan. Darasin shi ne, yanzu ba akwatin laburare kaɗai ke riƙe da asirin mai karatu ba.

Rubutu ba ya mantuwa

Kada a ɗauka tsohuwar rajista takarda ce matacciya. A ranar 5 ga Oktoba, 1789, George Washington, Shugaban Amurka na farko, ya ari wani littafi na dokokin da ke tsakanin ƙasashe daga wani laburare a birnin New York. Rajistar ba ta nuna ya mayar ba. Bayan shekara fiye da 200 maganar ta fito a jaridu, har masu kula da gidansa na tarihi suka nemo wani kwafin littafin suka kai a 2010. Wannan abin dariya ne, domin mai shi ya daɗe da barin duniya.

Na ƙasar Japan bai zama abin dariya ba. A 2015 wata jarida ta birnin Kobe ta buga hoton tsofaffin katunan aro na wata makarantar sakandare, waɗanda suka nuna littattafan da shahararren marubucin nan Haruki Murakami ya ara yana yaro, kusan shekara 50 baya. Katunan sun fita ne sa'ad da a ke tsintar tsofaffin littattafai za a zubar. Ba sunansa kaɗai ya fito ba, har da na waɗansu 'yan makarantar da ba kowa ya san su ba. Ƙungiyar Laburare ta Japan ta ce an keta haƙƙinsu, gama tun 1979 ta sa tsare asirin masu karatu cikin manyan ƙa'idodinta. Babu ɗan sanda a cikin wannan labari, babu ɓarawo. Sakaci ne kurum wajen zubar da tsohon kati.

Abin da ya faru a Amurka

A Amurka aka fi ja-in-ja a kan wannan batu, saboda haka ya kamata a ji yadda ta kaya a can.

Tun a 1939 Ƙungiyar Laburare ta Amurka ta rubuta cikin ƙa'idodin aikinta cewa abin da ma'aikaci ya sani game da mai karatu amana ce. An daɗe ba a gwada wannan magana sosai ba, sai a 1970, lokacin da jami'an hukumar haraji suka shiga laburare a biranen Milwaukee da Atlanta suna neman sunayen waɗanda suka ari littattafan da suka shafi nakiya. Hankalin ma'aikata ya tashi. A 1971 ƙungiyar ta kafa ƙa'ida cewa kada a ba kowane jami'i rajistar aro sai da umurnin da ya fito ta hanyar shari'a.

A 1987 kuma asirin wani shiri na hukumar bincike ta FBI ya tonu. Jami'anta sun riƙa zagaya laburaren kimiyya suna roƙon ma'aikata su sa ido a kan baƙi, musamman mutanen Tarayyar Soviet, su faɗi abin da su ke karantawa. Wata shugabar ma'aikata a Jami'ar Columbia, Paula Kaufman, ta ƙi, maganar kuwa ta kai ga jaridu da Majalisa. Irin waɗannan abubuwa su suka sa jihohi suka riƙa kafa dokoki ɗaya bayan ɗaya. Cikin jihohi 50 na Amurka, 48 suna da dokar da ta tsare rajistar laburare. Sauran biyun, Kentucky da Hawaii, suna dogara ne da fatawar Babban Lauyan jiha.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Majalisar Amurka ta yi wata doka mai suna Patriot. Sashe na 215 na dokar ya ba FBI damar neman kowace irin rajista ta hannun wata kotu ta asiri, a kuma hana wanda aka tambaya faɗa wa kowa. A 2005 aka kai wa wata haɗaɗɗiyar ƙungiyar laburare a jihar Connecticut wata takarda ta dabam, wadda FBI ke bayarwa da kanta ba da sa hannun alƙali ba, ana neman a san wanda ya yi amfani da wata kwamfuta. Ma'aikata huɗu, George Christian da Barbara Bailey da Peter Chase da Janet Nocek, suka ƙi, suka kai ƙara. Kusan shekara guda doka ta rufe musu baki, ba su da ikon faɗa wa jama'a cewa su ne masu ƙarar. A 2006 aka ɗage hanin, hukuma kuma ta janye buƙatarta. Ikon da sashe na 215 ya bayar ya ƙare a watan Maris na 2020, ba a sabunta shi ba.

Abin lura a nan shi ne dabarar da ma'aikata suka koma gare ta. Sun ga cewa ƙin bayarwa yana bukatar lauya da kuɗi da ƙarfin hali, kuma ba kullum a ke cin nasara ba. Sai suka rage abin da su ke ajiyewa. A 2003 laburaren garin Santa Cruz ya shiga yayyaga takardun masu zama gaban kwamfuta a kowace rana, waɗansu da yawa kuma suka saita na'urorinsu su goge suna da zarar littafi ya dawo. Abin da ba a ajiye ba, ba mai iya ƙwace shi, ba mai iya sace shi, ba mai iya sayar da shi. Rigakafi ya fi magani.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa tsaron sirrinsa, da na gidansa, da na wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki. Dokar ba ta laburare kaɗai ba ce. Ta hau kan duk wanda ke tara bayanan mutane, ko banki ne, ko asibiti, ko makaranta. Tun da laburare yana tara sunaye da adireshi, shi ma yana ciki. Ga kaɗan daga cikin abin da ta shimfiɗa:

1. Kada a karɓi bayani sai domin wata bukata bayyananniya, kada kuma a juya shi zuwa wata bukata da ta saɓa wa ta farko.

2. Kada a karɓi fiye da abin da bukatar ta nema.

3. Kada a ajiye shi fiye da lokacin da bukatar ta ke.

4. A tsare shi daga sata, da ɓacewa, da idon wanda ba shi da izini.

5. Mai bayanin yana da ikon ya nemi a nuna masa abin da aka rubuta a kansa, a gyara kuskure, a kuma goge abin da ba a bukata.

6. In an keta ma'ajiya har abin zai iya cutar da mutane, sai a sanar da hukuma cikin awa 72.

Dokar ta keɓe waɗansu al'amura, kamar binciken laifi da tsaron ƙasa, inda hukumomin da abin ya shafa su ke da sassauci. Saboda haka kada kowa ya ɗauka laburare maɓoyar masu laifi ce. In umurnin kotu ya zo, za a bi. Abin da a ke ƙi shi ne a miƙa rajista ga duk wanda ya shigo da kaki ko babbar riga ya ce a ba shi.

Uzurin masu son a ajiye

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Shugaban laburare zai ce yana bukatar sanin littattafan da aka fi nema domin ya san abin da zai saya. Gaskiya ne, amma ƙidaya ta ishe shi. Ana iya rubuta cewa an ari littafi kaza sau talatin a bana ba tare da an ambaci ko mutum ɗaya ba.

Mai karatu kansa zai ce yana so a ajiye masa jerin abin da ya karanta don kada ya manta. Wannan ma daidai ne, in shi ya nema da bakinsa, kuma aka bar masa ikon sokewa ran da ya ga dama. Kada dai a ɗora wa kowa.

Malaman tarihi su ma suna da magana. A garin Muncie na Amurka an tsinci rajistar aro ta 1891 zuwa 1902, masana suka gane daga cikinta abin da talakawan wancan zamani su ke karantawa. Wannan ilmi ne mai amfani. Sai dai an buɗe rajistar ne bayan shekara fiye da 100. Ba a sayen tarihin gobe da mutuncin mai rai na yau. Inda aka ga lalle a ajiye wani abu domin tarihi, sai a cire sunaye, ko a kulle shi har zamanin masu shi ya wuce.

Gargaɗi ga ma'aikata

1. Littafi ya dawo lafiya, babu tara, babu ɓarna? A raba sunan mai aro da sunan littafi nan take.

2. In akwai bashi ko tara, a ajiye rubutun har a biya, sa'an nan a goge.

3. Takardar masu zama gaban kwamfuta kada ta kwana da yawa. Kada kuma a shimfiɗa ta a kan tebur inda kowa zai karanta sunan kowa.

4. Wanda ya daina zuwa, a yanka lokaci, in ya cika a cire shi daga rajista. A rubuta wannan lokaci a manna a bango kowa ya gani.

5. Kafin a zubar da tsohon littafi ko a kyautar da shi, a zare katinsa a ƙone ko a yayyage. Kada tsohuwar rajista ta je hannun mai ƙosai ta zama abin ƙunshi. Kafin a sayar da tsohuwar kwamfuta, a goge cikinta sarai.

6. In wani ya zo tambayar wanda ke riƙe da littafi kaza, a ce masa yana waje, za a ajiye masa in ya dawo. Kada a faɗi suna, ko da malami ne, ko miji, ko mai unguwa.

7. In jami'i ya zo, a karɓe shi da ladabi, a nemi ganin takardar kotu, a kai shi wurin shugaba. Ƙaramin akawu kada ya yanke hukunci shi kaɗai. In takardar ta inganta, a ba da abin da ta ambata kurum, ba ƙari.

8. Kafin a ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai kawo manhaja, a tambaye shi abin da zai tara, da inda zai ajiye, da wanda zai ba.

9. Abin da ido ya gani a wurin aiki, kada ya zama hira a majalisa da yamma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shawara ga masu karatu

Kai mai aro, kana da ikon tambaya. Ran da za ka cika takardar shiga, tambayi ma'aikaci: me za a yi da wannan bayani, wa zai gan shi, yaushe za a goge? Ba rashin kunya ba ne, doka ce ta ba ka. In an tambaye ka abin da bai shafi aron littafi ba, nemi dalili. Kada ka ba wani tikitinka, gama duk abin da ya ɗauka sunanka zai hau. In ka gama da kwamfutar laburare, rufe duk abin da ka buɗe kafin ka tashi. Mai da littafi a kan kari, domin muddin yana hannunka sunanka yana nan rubuce.

Iyaye kuwa suna da haƙƙin kula da tarbiyyar 'ya'yansu, dokar 2023 ma ta ce sai da yardarsu za a karɓi yardar yaron da bai kai shekara 18 ba game da bayanansa. Amma hanya mafi kyau ita ce uba ya zauna da ɗansa ya tambaye shi abin da ya ke karantawa. Yaron da ya ga ana bin sawunsa a ɓoye, ƙafarsa za ta ɗauke daga laburare.

Gwamnati ta gina waɗannan ɗakuna ne domin kowa ya nemi ilmi hankalinsa kwance, mai kuɗi da talaka, mace da namiji. Ma'aikaci ya riƙe amana, ya rubuta abin da ya zama tilas kurum, ya goge shi in bukata ta ƙare. Mai karatu kuma ya kula da kayan jama'a, ya mai da su a kan lokaci. Wanda ke da ƙorafi ya fara kai wa shugaban laburaren garinsu. In bai sami biyan bukata ba, ƙofar Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya a buɗe ta ke.